Darasi na 6: Inda Mutane Ke Ƙorafi, Nan Ake Neman Sana'a

Idan ka tambayi matashi abin da ya hana shi kama sana'a, kafin ka rufe baki zai ce maka, "Ba jari." Akwai gaskiya a maganarsa. Rashin jari ciwo ne, kuma wanda bai taɓa kwana da aljihu wayam ba bai kamata ya raina wannan kuka ba. Sai dai mun sha ganin wanda kuɗi ya zo hannunsa, ko gado ko rance, ya buɗe irin sana'ar da maƙwabcinsa ke yi, a layi ɗaya, da kaya iri ɗaya, kafin shekara ta zagayo uwar kuɗin ta narke. Jari ya samu. Abin da bai samu ba shi ne amsar wannan tambaya: wace matsala nake warware wa mutane da har za su ciro kuɗinsu su ba ni?

Wannan darasi a kan wannan tambaya yake. Inda muka ce "ka", ke ma 'yar'uwa da ke muke.

Direban da ya gaji da jira

Malcom McLean direban babbar mota ne a Amurka. An haife shi a 1913, ya fara aikin dako da tsohuwar mota guda ɗaya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Shi da kansa ya sha ba da labarin wata rana a 1937 da ya kai dilolin auduga tashar jiragen ruwa, ya yini zaune a mota yana jiran a zo kansa. Yana kallon lebura suna sauke kaya daga mota ɗai-ɗai, su ɗaure, a ɗaga zuwa cikin jirgi, a sake jerawa. Sauran direbobi ma jiran suke yi, suna tsaki. Shi kuwa sai ya tambayi kansa: me zai hana a ɗauki akwatin motar gaba ɗaya, da kayan a ciki, a ɗora a jirgi?

Bai samu ikon gwadawa ba sai a watan Afrilun 1956, lokacin da wani jirgi mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da manyan akwatunan ƙarfe 58. Kwantenar da muke gani yau a bayan tirela daga nan ta samo asali. Kuɗin lodi ya faɗi warwas, jirgin da ke kwashe kwanaki a tasha ya koma tashi da wuri.

Lura da abu biyu. McLean ba injiniyan jirgi ba ne, abin da ya sani shi ne mota da zafin jira. Sannan tsakanin ganin matsalar da warware ta an yi shekara 19, kuma duk tsawon lokacin yana cikin aikin dako, yana tara motoci, yana koyon harkar. Bai ajiye aikinsa ya zauna yana mafarki ba.

Littafin ƙorafi

Ga inda karatun da kake koyo zai fara biyan ka. Nemi ƙaramin littafi da biro. Duk lokacin da ka ji wani ya ce "wannan abu ya ishe ni", ko "da ma a ce akwai mai yin kaza", ko "kullum sai na je har can", rubuta. Rubuta wanda ya faɗa, namiji ko mace, babba ko yaro, da abin da ya dame shi. Kada rubutun da bai miƙe ba ya hana ka. Littafin naka ne, ba mai ba ka maki.

Bayan mako guda za ka tarar da ƙorafi sun taru. Ba kowanne ne sana'a ba. Mutane na ƙorafi a kan zafin rana, amma ba su biyan kowa ya kashe ta. Auna kowane ƙorafi da tambaya uku. Sau nawa yake faruwa, kullum ko sau ɗaya a shekara? Mutum nawa yake damu? Ta uku ita ce mai nauyi: yanzu haka suna kashe kuɗi ko lokaci a kansa? Idan mace na tafiya mai nisa duk mako don a gyara mata wani abu, ta riga ta nuna maka cewa gyaran na da daraja a wurinta. Ba sai ka tambaye ta ba.

A nan ne matasa da yawa ke yaudarar kansu. Mutum zai je wurin ƙanwar mahaifiyarsa ya ce, "Inna, idan na fara sayar da kaza za ki saya?" Me kake so ta ce? Za ta ce Allah ya sa albarka, za ta saya, domin tana son ka kuma ba ta so ta karya maka gwiwa. Wannan amsa ba ta gaya maka komai a kan kasuwa ba. Tambayi mutane abin da ya riga ya faru: "Ranar ƙarshe da kika buƙaci wannan abu, ina kika samo shi? Me ya ɓata miki rai a wurin? Me ya sa ba ki canza mai sayarwa ba?" Mutum kan yi alkawarin gobe don kunya, amma labarin jiya yakan faɗe shi yadda yake. Kuma ka tambayi waɗanda ba su san ka ba.

"Me ya sa?" har sau biyar

A kamfanin motoci na Toyota da ke Japan, wani shugaban masana'anta mai suna Taiichi Ohno ya koya wa ma'aikata cewa idan inji ya tsaya kada su tsaya a amsar farko. Su tambayi "me ya sa?" har sau biyar. Dabarar ba ta buƙatar inji. Ga yadda tela zai yi da ita.

Masu kawo ɗinki sun ragu. Me ya sa? Suna cewa ba na cika alkawari. Me ya sa ba na cikawa? Aiki na yi mini yawa a ƙarshen mako. Me ya sa yake taruwa? Duk wanda ya kawo yadi nakan ce masa ya dawo jibi. Me ya sa nake cewa jibi? Ban san yawan aikin da ke gabana ba. Me ya sa ban sani ba? Ba na rubutawa, a ka nake riƙewa.

Da ya tsaya a amsar farko ko ta biyu, zai ce maganin shi ne ya ciwo bashi ya sayi keken ɗinki na biyu ya ɗauki yaro. Da ya kai ta biyar, sai ga shi maganin littafi ne mai layi huɗu: suna, awo, ranar karɓa, ranar bayarwa. Ba dole tambayar ta cika biyar ba. Wani lokaci uku ta isa. Ka dai ci gaba har ka iso abin da hannunka zai iya gyarawa. Idan amsarka ta ƙare a kan "ai ƙasar ce ta lalace" ko "mutane ba su da kirki", ka saki hanya, koma baya ka sake.

Kwalin ƙusa

Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Jamus, Karl Duncker, ya shirya wani gwaji da aka wallafa a 1945. Malami, a gwada shi a aji kafin a karanta amsar. A ajiye kyandir, da ashana, da ƙaramin kwali cike da ƙananan ƙusoshi a kan tebur da ke jikin bangon katako. A ce wa mutum ya maƙala kyandirin a bango, ya kunna, ba tare da ya ɗiga a kan tebur ba.

Wasu za su yi ƙoƙarin kafa ƙusa ta cikin kyandirin, ya tsage. Wasu za su narka gefensa su manna, ya faɗo. Amsar ita ce a juye ƙusoshin, a kafe kwalin a bango, a tsayar da kyandirin a ciki. Abin mamaki, idan aka ba mutane kwalin babu komai a ciki, ƙusoshin na zube a gefe, sun fi saurin gano amsar. Muddin ƙusa na ciki, ido na ganin kwalin a matsayin mazubi kawai.

Haka muke yi da abubuwan da muka mallaka. Waya ta kira da hira ce, keke na hawa ne, ɗakin da ba kowa a ciki na ajiye tarkace ne. William Kamkwamba, wani yaro daga ƙauyen Wimbe a ƙasar Malawi, ya ga abin da wasu ba su gani ba. An haife shi a 1987. Yunwar da ta afka wa ƙasar a 2001 zuwa 2002 ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta, ya dawo gida. Ya riƙa zuwa wani ƙaramin ɗakin karatu, inda ya ga hoton injin da iska ke juyawa ya ba da lantarki. Turancinsa bai yi ƙarfi ba, don haka zane-zanen ya riƙa bi yana haɗawa da 'yan kalmomin da ya gane. Ya shiga wurin da ake zubar da tsofaffin ƙarafa ya tsinto fankar tarakta, ya haɗa da tsohon keken mahaifinsa, da bututun roba da ya gasa ya miƙar, da danamon fitilar keke, ya ɗora a kan dogayen itatuwa. Mutanen gari na cewa ya taɓu. Da iska ta kaɗa, ƙwan lantarki ya kama. Daga baya maƙwabta suka riƙa kawo wayoyinsu caji. A 2014 ya kammala digiri a kwalejin Dartmouth ta Amurka.

Mai koyon karatu da girma, ka riƙe wannan: yaron nan bai jira ya iya karanta kowane layi ba kafin ya amfana da littafi.

Asarar da za ka iya ɗauka

Ana yawan cewa ɗan kasuwa mutum ne mai kasada. Saras Sarasvathy, malama a Jami'ar Virginia, ta zauna da gogaggun 'yan kasuwa 27 da suka kafa manyan kamfanoni, ta ba su matsala guda ta saurari yadda suke tunani. Ta tarar yawancinsu ba su farawa da lissafin ribar da za su ci. Suna farawa da abin da ke hannu: ni wane ne, me na sani, wa na sani? Sannan su yanke iyakar abin da za su iya rasawa ba tare da sun durƙushe ba, su yi gwaji a cikin wannan iyaka.

Wannan ita ce shawarar da na fi so matashi ya ɗauka daga darasin nan, domin ita ke raba wanda ya faɗi ya tashi da wanda faɗuwa ɗaya ta gama da shi. Kada ka sa kuɗin haya, ko na abincin iyali, ko amanar wani a gwajin farko. Kada ka kama shago kafin ka sayar da ko guda. Yi kaɗan, kai wa mutum biyar. Idan aikin hannu ne, nemi kafin alƙalami ka sayi kayan aiki da shi. Wanda ya ba ka kafin alƙalami ya fi mutum ɗari da suka yaba da baki. Idan kayan aiki na da tsada, ara ko ka yi haya na yini guda.

Bayan gwajin, rubuta abin da ka kashe duka, har kuɗin mota da na kira, da abin da ya shigo. Rubuta abin da masu saye suka ce, musamman wanda ya ƙi saye. Zai yiwu gwajin ya ƙi. Sana'o'i da yawa kan mutu tun suna ƙanana, kuma ba kullum laifin mai su ba ne. Idan ka tsaya a iyakar da ka yanke, za ka fito da sani kuma da sauran ƙarfin sake gwadawa.

Ana koyon wannan hali kuwa?

Wasu na cewa kasuwanci a jini yake. A birnin Lome na ƙasar Togo, masu bincike na Bankin Duniya tare da wasu malaman jami'a sun raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku. Kaso ɗaya aka koya musu darussan kasuwanci da aka saba, irin su lissafi da talla. Kaso na biyu aka horar da su a kan hali: fara abu ba tare da an ce ka yi ba, hango matsala kafin ta iso, neman sabuwar hanya idan an toshe ta farko. Kaso na uku ba a koya musu komai ba. Aka bi su tsawon shekara biyu. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna ribar kaso na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ta kaso na farko ta ƙaru da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Mutanen nan manya ne masu iyali, da yawansu mata, kuma sun koya.

Aikin wannan mako

Rubuta ƙorafi goma da ka ji da kunnenka. Zaɓi ɗaya da ya tsallake tambayoyin nan uku. Yi hira da mutum uku da ba danginka ba a kan ranar ƙarshe da abin ya same su.

A wani shafin, jera abin da ke hannunka: kayan da ka mallaka, aikin da ka iya ko da ba a taɓa biyan ka a kansa ba, da mutanen da za su ɗaga waya idan ka kira. A gaban kowane abu rubuta wani amfani dabam da wanda ka saba yi da shi.

A ƙasan shafin rubuta adadin kuɗi da kwanakin da za ka iya rasawa ba tare da gidanku ya shiga wani hali ba. Wannan adadi ba sai ka karanta wa aji ba. Ƙorafin da hirarrakin kuwa ka zo da su, kowa zai karanta nasa a zama na gaba.