Yadda za ka ware wa kowa asusunsa a kwamfutar gida

Ina gyaran kwamfuta a kasuwar Farm Centre, kuma yawancin laftof ɗin gida da ake kawo mini babu abin da ya lalace a jikinsu. Allo lafiya, madannai lafiya, batir ma da sauransa. Abin da ya same su iri ɗaya ne: an sayo ta gwanjo, mai shago ya ɗora Windows a gurguje, ya buɗe asusu guda ɗaya ya sa masa suna "User" ko "HP", babu kalmar sirri, kuma asusun na admin ne. A wannan asusu maigida ke rubuta takardun ofis, a nan uwargida ke ajiye lissafin atamfofin da ta saro a Kantin Kwari, a nan ɗansu ke gwajin tambayoyin JAMB, a nan kuma auta ke sauke wasan mota daga duk shafin da ya ci karo da shi. Bayan wata biyu sai a zo mini da ita ana cewa ta yi nauyi, ko talla na ta ɓullowa, ko fayil ya ɓace.

Asusu iri biyu ne a Windows. Na admin, wanda a allo za ka ga an rubuta masa "Administrator", yana da ikon saka manhaja ko cire ta, sauya tsarin kwamfutar baki ɗaya, buɗe wa wani asusu ko goge shi, har da shiga foldar kowa. Na gama-gari, wato "Standard User", mai shi zai yi rubutu, ya shiga intanet, ya kalli bidiyo, ya buga takarda, ya canja hoton fuskar allonsa, amma ba zai taɓa abin da ya shafi sauran mutane ba sai da izini. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, duk manhajar da ka buɗe da ƙarfin asusunka take aiki. In muguwar manhaja ta shigo ta hannun admin, dannawa ɗaya ya rage mata ta mamaye ko'ina. Wannan ƙaramin akwatin da ke fitowa yana tambaya ko ka yarda a yi canji, tun Windows Vista ta 2007 aka kawo shi. A asusun admin "Yes" kawai ake dannawa, kuma yaro ɗan shekara bakwai ya iya wannan. A asusun gama-gari kuwa sai ya nemi kalmar sirrin admin, nan yaron zai tsaya ya kira ka.

Shawarata, kuma ita nake bi a gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, ita ce har kai maigidan kada ka riƙa aikin yau da kullum da asusun admin. Makullin sito ne, ba a yawo da shi a hannu sai za a ɗebo hatsi.

Ga yadda ake yi, kuma ka bi shi bi da bi, domin jerin yana da muhimmanci. Fara da buɗe sabon asusun admin. Danna madannin Windows tare da harafin I, "Settings" zai buɗe, sai ka shiga "Accounts". A Windows 10 ka nemi "Family & other users", a Windows 11 kuma "Other users". Danna wurin ƙara sabon mutum. Zai nemi adireshin imel. In ba ka son haɗa shi da asusun Microsoft, zaɓi "I don't have this person's sign-in information", sannan "Add a user without a Microsoft account". Sa masa suna kamar "Kulawa", ka ba shi kalmar sirri mai tsawo. Kada ta zama sunan ɗanka, ko lambar wayarka, ko shekarar haihuwarka, domin su yaran gida suke fara gwadawa, kuma suna kallon yatsunka in kana bugawa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna, ka sa lamba a tsakani. Zai kuma ba ka tambayoyin tsaro guda uku, ka amsa su da abin da za ka tuna. Sabon asusu a matsayin na gama-gari yake fitowa, don haka danna sunansa, ka zaɓi "Change account type", ka mayar da shi "Administrator".

Yanzu fita daga tsohon asusunka, ka shiga sabon, ka tabbatar kalmar sirrin tana buɗewa. Sai bayan ka tabbatar za ka koma wancan wurin na "Accounts" daga cikin sabon, ka sauke tsohon asusun zuwa "Standard User". Takardunka da hotunanka suna nan yadda ka bar su, iko ne kawai ya ragu. In tsohon ba shi da kalmar sirri, yanzu ne lokacin sa masa.

Daga nan sai ka buɗe wa kowa nasa ta wannan hanya, ka bar su duka a gama-gari. Kowane asusu yana samun foldarsa a ƙarƙashin "Users" a faifan C, kuma ɗan'uwansa na gama-gari ba zai iya leƙa ta ba. Abin da kowa ke buƙata, kamar hotunan biki ko karatun Alƙur'ani da ake saurare, a zuba shi a foldar "Public". Ga baƙi, ina buɗe guda ɗaya na musamman mai suna "Baƙo", saboda ɗan maƙwabci da zai shigo cike fom ɗin makaranta. Ba rashin yarda ba ne. Shi ma ya fi samun kwanciyar hankali in bai tarar da imel ɗin wani a buɗe ba.

Yara ƙanana suna da nasu tsarin. In ka buɗe wa yaro asusun Microsoft ka saka shi cikin rukunin iyali na Microsoft Family Safety, za ka iya ƙayyade masa awannin amfani, ka hana kwamfutar buɗe masa bayan isha'i, ka toshe shafukan banza. Tace shafukan a burauzar Edge yake aiki, kuma tsarin yana buƙatar data lokaci zuwa lokaci. Iyayen da ba su da intanet a gida kullum, asusun gama-gari ma kaɗai ya rage musu babban kaso na matsalar.

Ranar da yaro ya zo ya ce, "Baba, manhajar JAMB ta ƙi shiga, tana neman kalmar sirri," ka tashi ka je ka duba da idonka. Tambaye shi daga ina ya samo ta, daga shafin masu ita ne ko daga filashin aboki. In ka gamsu, ka buga kalmar da hannunka. Kada ka faɗa masa daga falo don kana jin nauyin tashi. Da zarar ta shiga kunnensa, aikin da ka yi duka ya rushe. Ni ban yarda a saka manhajar sata da aka fasa mata kariya ba, ko da kyauta ce, domin ta nan mafi yawan cutar da nake wankewa take shigowa.

Akwai iyakar abin da wannan tsari zai yi, kuma gara ka sani. Wasu manhajoji suna iya zama cikin foldar mutum ba tare da izinin admin ba, don haka ka bar Windows Security, wato manhajar kariya da ke zuwa da Windows, a kunne, ka kuma riƙa barin sabuntawa ta shiga. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka mai kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11 ya koma can. Sannan admin yana iya shiga foldar kowa in ya ga dama. Wannan amana ce a wuyan mai riƙe da kalmar, kuma ina ganin ya dace maigida ya gaya wa iyalinsa haka a fili, musamman in uwargida na ajiye lissafin kasuwancinta a ciki.

Wani abu da ya shafe mu a Kano shi ne wuta. In mutum ya tashi na ɗan lokaci, ya danna madannin Windows da harafin L, allon ya kulle. Amma in ya gama, ya fita gaba ɗaya ta "Sign out". Sauya asusu ba tare da fita ba yana barin manhajojin na farkon suna aiki a ɓoye, suna cin batir, kuma laftof mai RAM 4GB nan da nan za ta fara jan ƙafa. In aka ɗauke wuta batir ya ƙare, ko wani ya kashe ta, aikin da na farkon bai adana ba ya tafi.

Kalmar sirrin admin ka rubuta ta a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun fili da na haihuwar yara, ka sanar da babba ɗaya a gidan. In da asusun Microsoft kake shiga, ka kula da layin wayar da ka yi rajista da shi, domin ta nan za a turo maka lambar dawo da asusu. Yawancin sababbin kwamfutoci kuma suna kulle faifansu da BitLocker, mabuɗin ceto lamba 48 ne, yana cikin asusunka na Microsoft in da shi kake shiga. Kwafe shi a wannan takardar. In kwamfuta ta nemi shi ba ka da shi, ni ma ba zan iya fito maka da fayil ko ɗaya ba.

In wani ya bar gidan, misali 'ya ta yi aure ko ɗa ya tafi bautar ƙasa, kana son cire asusunsa, fara kwashe masa takardu da hotuna zuwa filashi. Maɓallin da Windows zai nuna maka "Delete account and data" ne, kuma yana gogewa har da foldar. Haka nan in za ka kai kwamfutar gyara, mu masu gyara sau da yawa muna buƙatar ikon admin. Buɗe mana wani asusun admin na wucin gadi, ko ka tsaya ka buga kalmar da kanka. Da ta dawo gida ka goge na wucin gadin, ka duba jerin asusun ka tabbatar babu sunan da ba ka sani ba.