Faifan disko na Afirka: inda masu saye da masu kunnawa suke tafka kuskure

Tun a wurin ciniki ake fara faɗawa rami. Mutum ya ga faifan garmaho mai faɗin inci 12, ya ɗauka kundi ne cike da waƙoƙi, ya je gida ya tarar waƙa ɗaya ce tal a kowane gefe. Ba cutarsa aka yi ba. Don gidajen rawa aka ƙirƙiro irin wannan bugun a Amurka, tsakiyar shekarun 1970: an ba layukan faifan fili sosai don ganga da bes, wato sauti mai kauri, su fito da ƙarfi. Da yawansu a gudun zagaye 45 a minti ɗaya suke juyawa, ba 33 ba. In ka ji muryar mawaƙi ta yi nauyi kamar mai magagin barci, duba takardar tsakiyar faifan, ka sauya gudu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne rikita asalin waƙa da rimiks ɗinta, wato wadda wani ya sake haɗa kiɗanta. "Yéké Yéké" ta Mory Kanté, ɗan ƙasar Gini, ta fito a 1987. Wadda wasu Jamusawa masu kiɗan na'ura da ake kira Hardfloor suka sake haɗawa a shekarun 1990 kuwa wata aba ce daban, na'ura ta mamaye ta. Duka biyun suna da daɗi, amma ka san wadda kake biya wa kuɗi: sunan mai haɗin yana nan a rubuce kusa da sunan waƙar. Faifan da ba shi da sunan kamfani ko lamba, farar takarda kawai, ka nemi a kunna maka shi tukuna. Wasu samfurin talla ne na gaske, wasu kuwa na sata ne da sauti a dushe.

Sai masu haɗa kiɗa. Ana ɗora "Soul Makossa" ta Manu Dibango, ɗan ƙasar Kamaru, wadda ta fito a 1972, a kan kiɗan kwamfuta, a saki hannu, a yi mamakin yadda suka watse. To ai mutum ne ya kaɗa gangar, yana ɗan sauri yana ɗan ja baya. Ka bar yatsanka a kan maɓallin gudu, ka taƙaita haɗin, ka shigo a inda ganga ta rage ita kaɗai. A ganina wannan tangaɗin shi ne gishirin kiɗan, shi ya sa bugun da aka miƙar da gudunsa sak da kwamfuta bai cika burge ni ba.

Ɗora kwabo a kan hannun allura don hana tsalle kuwa, cinye layin faifan yake yi. Daidaita nauyin hannun, ko ka sayi sabuwar allura. Kada ka jibge faifai a kwance, jera su a tsaye, nesa da rana da bayan mota, don zafi na lanƙwasa su. Ƙurar hunturu ma burushi mai laushi ya ishe ta. Kananzir da fetur kada su kusanci faifai.