Yadda Ake Koyar da Motsi, Nisan Tafiya da Sauyin Matsayi a Ƙaramar Sakandare

Yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya san motsi tun kafin ya shigo ajin kimiyya, domin yana gudu, yana jifa, yana tuƙa keke. Abin da bai iya ba shi ne bayyana motsin da lamba. A nan ne abubuwa biyu suke cakuɗe masa. Na farko nisan tafiya, wato tsawon duk hanyar da abu ya bi. Na biyu sauyin matsayi, wato tazarar da ke tsakanin inda abu ya fara da inda ya tsaya, haɗe da alƙiblar da ya nufa. Yawancin rikicewar daga gaggawa take fitowa: a rubuta ma'anonin biyu a allo, yara su kwafa, a wuce zuwa lissafi. Wanda ya haddace ta haka yakan ci tambayar farko, ya faɗi ta biyu da zarar an sauya mata fuska. Gyaran shi ne a sauko da darasin ƙasa, yara su taka shi da ƙafafunsu, kuma a fara da matsayi kafin a ambaci ko ɗaya daga cikin kalmomin biyu.

Aikin yakan ci darasi huɗu na minti 40. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: tef ɗin awo mai tsawon mita 10, alli, igiya wadda ba ta miƙewa idan an ja ta, zare, rula mai santimita 30, agogon da ke ƙirga daƙiƙa, takardar giraf, da kati goma sha ɗaya masu lamba daga −5 zuwa +5. A raba ajin rukuni-rukuni na mutum huɗu: mai tafiya, mai awo, mai riƙe agogo, mai rubutu. A riƙa musanya aikin, in ba haka ba yaro ɗaya ne zai riƙe tef har ƙarshen mako.

Motsi idan an gwada da me?

A ba wata ɗaliba littafi ta ɗora a tafin hannunta, ta ratsa gaban aji a hankali. Sai a tambayi ajin ko littafin yana motsi. Za su ce eh. A tambayi ita mai ɗauke da shi ko littafin ya matsa daga hannunta. Za ta ce a'a. Kada malami ya yi saurin raba gardamar, a bar su su ja ta na minti biyu ko uku, domin duka amsoshin daidai ne. Idan an gwada da daɓen aji littafin ya motsa, idan an gwada da hannunta yana nan inda yake. Abin da aka gwada da shi ɗin nan shi ne madogara, kuma babu maganar motsi sai an faɗe ta.

Masanin kimiyya Galileo ya kawo irin wannan misali a 1632: mutumin da ke cikin rufaffen ɗakin jirgin ruwa, muddin jirgin na tafiya a sauri ɗaya ba ya karkata, zai ga ɗigon ruwa yana faɗawa cikin mazubin da ke ƙarƙashinsa tamkar jirgin a tsaye yake. Yara sun fi jin daɗin misalin da ya shafe su: suna zaune shiru a kan benci, amma duniya tana ɗauke da su tana zagaya rana da saurin kusan kilomita 30 a kowace daƙiƙa.

Layin lamba a kan daɓe

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma ya cancanci darasi guda cif. A ja layi miƙaƙƙe mai tsawon mita 10 da alli, a yi alama a kowace mita, a ajiye katin sifili a tsakiya. Ɓangare ɗaya na lambobin ƙari ne, ɗayan na lambobin ragi. Ajin ne zai zaɓi wane gefe ne ƙari, sai a rubuta a allo, misali "wajen ƙofa shi ne ƙari". Barin su su zaɓa yana nuna musu cewa alamar ƙari ko ragi yarjejeniya ce kawai game da alƙibla.

Tafiya ta farko: daga 0 zuwa +5, sannan a juyo zuwa +3. A yi tambayoyi biyu daban-daban, da maganar yau da kullum. Mita nawa ƙafafunsa suka taka? Bakwai, biyar zuwa, biyu dawowa. Yanzu yana ina idan an gwada da inda ya fara? Mita uku wajen ƙofa, wato +3. Sai bayan lambobin biyu sun hau allo za a raɗa musu suna: bakwai ɗin nisan tafiya, +3 ɗin sauyin matsayi.

Tafiya ta biyu: daga 0 zuwa +2, sannan zuwa −3. Nisan tafiya mita 7 ne kuma, amma sauyin matsayi −3. A ajiye sakamakon nan kusa da na farko. Nisa ɗaya, girman sauyi ɗaya, amma yaran biyu suna tsaye mita shida tsakaninsu. Babu bayanin da ya kai wannan nuna amfanin alƙibla.

Tafiya ta uku ita ce wadda ake yawan tsallakewa, kuma tsallake ta yana da tsada. A fara daga wani wuri da ba sifili ba: daga −2 zuwa +4, a dawo +1. Yara da yawa za su ce sauyin matsayi +1 ne, saboda a tafiyoyin farko lambar da aka tsaya a kai ita ce amsa. Sun ɗauka matsayin ƙarshe shi ne sauyin matsayi. A sa yaro ɗaya ya tsaya a −2, wani a +1, a auna tsakaninsu: mita 3. Daga nan ƙa'idar take fitowa da kanta, a debe matsayin farko daga matsayin ƙarshe, (+1) − (−2) = +3. Nisan tafiyar kuwa 6 da 3 ne, mita 9. A rufe da tafiyar da ta dawo inda ta fara, daga 0 zuwa +5 zuwa 0: mita 10 aka taka, sauyin matsayi sifili.

Akwai kurakurai biyu da za a sa wa ido a nan. Wasu yara suna ƙirga alamomin alli maimakon tazarar da ke tsakaninsu, sai su haɗa da wadda suke tsaye a kai, su sami mita 5 daga 0 zuwa +4. A sa su su ce "ɗaya" sai bayan sun isa alama ta gaba. Na biyu, wasu suna ganin −3 ya fi +1 ƙanƙanta, saboda haka aka koya musu a darasin lissafi. A sauyin matsayi alamar ragi ba ta rage girma, alƙibla kawai take nunawa, kuma wanda ya yi −3 ya fi wanda ya yi +1 nisa da mafarinsa.

Awo da taku yana da sauƙi, amma kada a dogara da shi. Takun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne, rukunoni za su kawo amsoshi mabambanta a kan hanya ɗaya. Sau ɗaya ya isa a gwada shi, don su ga dalilin da ya sa duniya ta amince da mita.

Idan hanya ta yi kwana

A fita fili. A sa alama A, a auna mita 3 zuwa gabas a sa B, a juya arewa a auna mita 4 a sa C. Yaro ya bi daga A zuwa B zuwa C, nisan tafiyarsa mita 7. Kafin a auna komai kowane rukuni ya rubuta hasashensa na tazarar A zuwa C. Bakwai da ɗaya su ne amsoshin da aka fi bayarwa, domin yara sun saba da tarawa ko debewa daga layin lamba. A ja igiya daga A zuwa C, a tsuke ta sosai, a ɗora a kan tef: mita 5. A zana kibiya da alli a kan hanyar igiyar, kanta a C. Kibiyar nan ita ce sauyin matsayi, tsawonta mita 5, ta karkata kusan digiri 53 daga gabas zuwa arewa.

Idan ba a sami 5 ba, kusan kullum kwanar B ce ba ta kai digiri 90 daidai ba. Kwana mai digiri 80 tana ba da kusan mita 4.6, mai digiri 100 kusan mita 5.4. A daidaita ta da kusurwar babban kwali. Igiyar da ta saki ko ta bi kan dutse ita ma tana ƙara santimitoci. Ajin da bai kai ga ƙa'idar Fitagoras (ta lissafin gefunan alwatika mai kwanar digiri 90) ba kada a tilasta masa ita. Ya isa su zana tafiyar a takardar giraf, santimita ɗaya a madadin mita ɗaya, su auna kibiyar da rula.

Ga hanya mai lanƙwasa, a zana layi mai karkace-karkace a takarda, a kwantar da zare a kansa, a miƙe zaren a kan rula. Wannan nisan tafiya ne. Rular da aka ɗora kai tsaye tsakanin mafari da ƙarshe ita ke ba da girman sauyin matsayi. Da'ira mai mita 2 daga tsakiya zuwa baki tana da amfani: rabin zagaye mita 6.28 ne na tafiya amma mita 4 na sauyi, cikakken zagaye mita 12.56 da sauyi sifili.

A guji cewa sauyin matsayi shi ne "hanya mafi kusa". Maganar tana da daɗin haddacewa, sai dai tana jefar da alƙibla, tana kuma sa yaro ya ɗauka wata hanya ce da aka bi, alhali ba lallai ne kowa ya taka ta ba. Duk amsar da aka rubuta ba alƙibla a mayar da ita a cika ta. Sunayen sikela da bekta za su iya jira zuwa ƙarshen darasin, lokacin da yara suka riga suka ga cewa ɗayan adadi ne kawai, ɗayan adadi ne da alƙibla.

Shigo da lokaci

Yaro ya yi tafiyar mita 10 ya dawo, a ce cikin daƙiƙa 16. Matsakaicin saurinsa shi ne nisan tafiya raba lokaci, 20 ÷ 16, wato mita 1.25 a daƙiƙa. Idan aka raba sauyin matsayi da lokaci ana samun sauri mai alƙibla, wanda a nan sifili ne. Yara sukan yi musu, su ce ai ya yi tafiya. Musun yana da kyau, amsarsa ita ce tambayoyi biyu ne daban. Wasanni suna taimakawa: Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, a layi miƙaƙƙe, don haka lambobin biyu sun zo ɗaya, kusan mita 10.4 a daƙiƙa. Mai ninƙayar mita 100 a tafkin gasa mai tsawon mita 50 kuwa yana ƙarewa ne a bangon da ya fara.

Hannun mutum yakan makara da kusan daƙiƙa 0.2 wajen danna agogo. A tafiyar daƙiƙa 2 wannan kashi 10 cikin 100 ne, shi ya sa ba a amfani da gajeriyar tazara. A auna sau uku a ɗauki matsakaici.

A giraf ɗin matsayi da lokaci, yara sukan kalli zanen kamar hoton hanya, layi mai hawa su ce tudu aka hau. Maganinsa a zana giraf a allo, a sa yaro ya taka shi a kan layin lamba yayin da wani yake ƙirga daƙiƙoƙi da ƙarfi. Layi a kwance yana nufin tsayuwa, layi mai sauka yana nufin juyowa. A zana giraf ɗin nisan tafiya na wannan tafiyar a gefensa, su lura cewa shi ba ya taɓa sauka.

Gwada fahimta

Tambayoyin da ke neman yaro ya ƙirƙiro tafiya sun fi na cike gurbi tona abin da ya gane. A ce ya tsara tafiya mai nisan mita 12 da sauyin matsayi +2, wadda amsarta mita 7 gaba ne da 5 baya. A tambaye shi ko girman sauyin matsayi zai iya wuce nisan tafiya, ya kawo dalili. A tambaye shi yaushe ne biyun suke zuwa ɗaya, inda ake so ya ambaci sharuɗɗa biyu, layi miƙaƙƙe kuma ba juyowa. A tambaye shi wanne daga ciki ne na'urar ƙirga kilomita ta mota take nunawa. Wanda ya ce sauyin matsayi, a tambaye shi me na'urar za ta nuna bayan motar ta je wani gari ta dawo gareji, sannan a mayar da shi kan layin alli ya sake taka tafiyar 0 zuwa +5 zuwa 0.