Ƙungiyar masu gidaje a bakin kogi: kurakuran da ke kashe ta tun ruwa bai zo ba

Mu a Yamai ba mu da teku, amma duk wanda ke zaune Lamorde ko Kirkisoy ko Karaje ko Saga ko Gudal ya san zaman bakin kogin Isa daban yake da zaman tudu. Da rani kowa na sha'awar wurinku, ga iska ga ɗanyen kifi ga salati daga garka, amma da watan 8 ya kama barci ya ƙare. Shi ya sa unguwanni da yawa na bakin ruwa sunka kafa ƙungiyar masu gida, wasu su ce komite wasu su ce ƙungiyar ci gaban unguwa, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinsu cikin tashin hankali ake kafa su, ruwa na ƙofar gida ana ɗura yashi a buhu da fitilar waya, ruwa na janyewa ita ma ƙungiyar ta janye sai wata damina. To 'yan uwa ga inda na ga ana yawan kuskure, da yadda nake ganin za a gyara.

Babban kuskure, wanda ya fi duk sauran, shi ne rashin sanin lokacin aiki. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke lissafi. Akwai jan ruwa na watan 8 da 9, wanda ke zuwa daga ruwan saman nan kusa, su Sirba da Dargol da Gorouol da ke gangarowa daga wajen Burkina su zubo cikin kogi da laka, wannan shi ne mai zuwa da gaggawa, cikin kwana kaɗan sai ka ga ya hau. Sannan akwai ruwan Gine, wanda anka yi samansa can tsaunukan Gine ya biyo ta Mali a hankali, sai wajen watan 12 da watan 1 yake iso mana, lokacin da kowa ya sake jiki ana fama da hunturu. Ƙungiyar da ta kwashe buhunan yashinta a watan 10 ta ce an gama, to ba ta gama ba. Kuma wanda ya ga 2020 ba sai an ba shi labari ba, a watan Satumba na shekarar ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali daga 580 ake shiga gargaɗi mai ruwan lemu, daga 620 an shiga ja, dig ɗin Lamorde, wato ganuwar ƙasa da ke tare ruwan kogi, ya ɓalle, mutane sunka fita da abin da hannu ya iya ɗauka kawai. Waɗannan lambobin ya kamata kowane ɗan biro, wato shugabannin ƙungiya, ya haddace su, kuma a sa mutum guda takamaimai, ba kowa da kowa ba, wanda aikinsa kullum da damina ya bi sanarwar hukuma a rediyo ya faɗa ma unguwa yau ruwa nawa yake. Hukumar kula da kogin, ABN, a nan Yamai ma hedkwatarta take, labarin ba ɓoyayye ba ne, mai bin sa ne babu.

Gyaran kuwa shi ne a maida aikin ƙungiya watan 3 zuwa watan 5, lokacin da kogi ya ja baya har yara na ƙwallo kan yashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin ne za ku taka dig ɗin da ƙafa daga farko har ƙarshen iyakarku, ba a kan moto ba, da ƙafa, ku duba inda gara ta ci, inda ɓera ya yi rami, inda shanu da jakuna sunka maida hanya har ƙasa ta zaizaye, da kuma wanda ya fi haɗari, inda wani mai garka ya haƙa ya bi da tiyo na motopom ɗinsa ya rufe sama sama. Ramin da yatsa biyu ke shiga a watan 4 shi ne ƙofar ruwa a watan 9. Akwai kuma masu ɗibar latirit daga jikin dig da dare su cike ƙofar gidansu, wallahi wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, kuma sau da yawa ɗan unguwa ne ba baƙo ba. Abin da kunka gani ku ɗau hoto ku rubuta ku kai mairi, wato ofishin magajin gari, da sa hannun mai unguwa, don dig na gwamnati ne, ƙungiya ba ta da ƙarfin gina shi kuma ba ta da izinin taɓa shi yadda ta ga dama, amma tana da idon da zai ga ɓarna da wuri, kuma takardar da ta shiga ofis a watan 4 ta fi kukan da za a yi a rediyo a watan 9 amfani.

Sai kanibo, wato magudanar ruwan unguwa. Mutane na kallon kogi su manta da ruwan da ke bayansu. In kogi ya cika, ruwan saman da ya sauka cikin unguwa ba ya da inda za shi, wani lokacin ma kogin ne ke biyowa ta bakin kanibo ya shigo muku ta baya kuna can kuna gadin gaba. To yashe kanibo kafin ruwan farko, kuma a kwashe abin da anka yaso a ranar, don abin da muka saba gani shi ne samari su sha wahala su fiddo leda da laka su tara a gefe, babu kuɗin amalanke, ruwan farko ya maida shi inda ya fito. In kuna lissafin aikin gayya ku sa kuɗin amalanke ko kamiyo a ciki tun farko, in babu shi gara a ɗaga ranar.

Wani kuskuren da ke haɗa maƙwabta faɗa har gaban alƙali shi ne kowa ya ceci kansa. Alhaji mai hali ya kawo kamiyo na latirit ya ɗaga ƙofar gidansa, ruwan da ke bi ta nan ya juya ya faɗa gidan bankon tsohuwar da ke kusa, ita kuma ba ta da ko kuɗin buhu. Ya kamata dokar cikin gida ta ƙungiya ta faɗa a fili, ba mai cike titi ko toshe hanyar ruwa sai an zo an duba tare, in za a ɗaga layi a ɗaga shi gaba ɗaya da sanin inda ruwan zai bi. Kuma don Allah in baƙo ya zo sayen fili da rani ku gaya masa gaskiya, ku nuna masa alamar da ruwa ya bari a bango. Rufe baki don kar farashin unguwa ya faɗi ba dabara ba ce, gobe shi ne zai gina a kan hanyar ruwa ku duka ku sha.

Yanzu maganar su wa ke cikin ƙungiyar. Sunan ya ce masu gida, sai wasu su ɗauka ɗan haya ba ruwansa, ba a kiransa taro. To wa ke kwana cikin gidan? Mai gidan na Kwatano ko Lome ko Faransa ko yana can wata unguwa kan tudu, ɗan haya ne zai ji ƙarar ruwa ƙarfe 3 na dare, shi ne zai ɗauki shebur. Abin da ya fi shi ne a raba, maganar da ta shafi fili da takardu masu gida su yanke, maganar tsabta da tsaro da ruwa kowa na da baki. Duk mai gidan da ba ya nan ya ba da wakili a rubuce da lambar da za a same shi, kuma ya riƙa turo nasa kason ta Nita ko Airtel Money, nisa ba uzuri ba ne yanzu. Haka mata, ana sa taro bayan isha'i a ƙofar masallaci sai a ce ai mata ba su zo ba, alhali su sunka san gidan da ke da mai jego, da tsohon da ba ya iya tafiya, da inda yara ke bi su sauka ruwa, ranar gudu wannan sanin shi ake nema. A sa lokacin da za su iya zuwa, kuma a ba su kujera ta gaske a biro, ba ta dafa abincin taro ba. Kar kuma a manta da waɗanda munka tarar a bakin ruwan, masunta da masu garka da masu shinkafa da masu wanki, da yawansu Zabarmawa ne da kakanninsu ke nan tun ba a yanka fili ko ɗaya ba, taro in da hali a yi shi Hausa da Zabarmanci. Masunci na ganin canjin launin ruwa ya san abin da ke tafe, kuma ranar da titi ya zama gulbi jirginsa ne motar asibiti.

Kuɗi kuwa, nan ne zumunci ke lalacewa. Ba wai mutane ɓarayi ba ne, yawanci mutumin kirki ne anka ba ajiya ba takarda, ya sa a aljihu ɗaya da nasa, wani ya zo da matsalar asibiti ya ranta masa, wata shida ba wanda ya san nawa ya shiga nawa ya fita, sai zargi. Ku kare mai ajiyarku daga wannan. Kowane dala ya shiga da rasi mai lamba, kuɗi su kwana a banki ko asusun ajiya da sunan ƙungiya, fitarwa sai da sa hannun mutum biyu, shugaba kuma kar ya zama shi ne mai ajiya ko ƙanensa. Ƙarshen kowane wata a ɗau hoton shafin littafi a sa a gurup ɗin WhatsApp, a kuma karanta da baki a taro saboda waɗanda ba su karatu. Kuma a raba asusu biyu, wannan ina roƙonku, na zumunci daban na ruwa daban, don in guda ne biki da suna da ta'aziyya za su cinye shi kafin watan 7, kuma ba wanda zai iya cewa a'a ranar rasuwa. Kason wata ma kar a yanka abin da sai mai albashi, gara kaɗan da kowa zai iya kullum, misali jikka guda, mai gida uku ya biya na gida uku, mai wurin shaƙatawa ko gidan abinci a bakin ruwa ya biya fiye, gwauruwar da ba ta da shi a yafe mata a rubuce ba tare da an tozarta ta a taro ba.

Asusun banki kuma ba ya buɗuwa sai da takardar shaida, nan ne za ku gane illar ƙungiyar baki da baki. Dokar ƙungiyoyi a Nijar ita ce ta 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, ana buƙatar ku rubuta tsarin mulkinku da sunayen 'yan biro da rahoton taron kafawa ku kai ma hukuma, ku fara ta mairin da'irarku za a gaya muku abin da ake nema yanzu, mutanen Haro Banda, wato ƙetaren kogi, tasu da'irar ita ce ta 5. Kar ku kwafo na wata ƙungiya ku canza suna kawai, ku rubuta abin da ya shafe ku, wa'adin shugaba shekara nawa, mutum nawa ne za su zauna kafin a yanke magana, me za a yi ma wanda ya ƙi biya. Siyasa kuma a bar ta a waje, ranar da ƙungiya ta zama ta wani ɓangare rabin unguwa sun daina zuwa. Gurup ɗin WhatsApp ma a yi biyu, ɗaya na gaisuwar Juma'a da hira, ɗaya na sanarwa kawai wanda 'yan biro ke rubutu, don kar saƙon ruwa ya hau ya nutse cikin bidiyo hamsin.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen, su ɗauka tunda gidajensu ne ke kallon ruwa to gaɓar ma tasu ce, a ja waya a kafa ƙofa a fara karɓar kuɗin shiga. Gaɓar kogi ta jama'a ce a hannun gwamnati, ba ta cikin takardar filin kowa, kuma hana masunci ko makiyayi hanyar ruwa fitina ce da ba ku iya kashewa. Na san damuwar gaskiya ce, lokacin zafi watan 4 da 5 samari na cika bakin ruwa Asabar da Lahadi, kiɗa har dare, leda da kwalabe, ga abin da ya fi ciwo yaran da ke nutsewa a ramukan da masu ɗibar yashi sunka bari, wuri ya yi kamar bai kai gwiwa ba taku ɗaya ya shanye mutum. Amma maganinsa a zauna da mai unguwa da mairi da su masu yashin da masunta, a sa alama inda ke da rami da inda ake ganin dorina, a aje tano na shara, a samu samarin unguwa da sunka iya ruwa su riƙa zama ranakun cunkoso ƙungiya na ba su ɗan na shayi. Iyaye kuma a riƙa tuna musu yaron da ke fitsarin jini tsargiya ce daga ruwan nan, a kai shi likita akwai magani.

Na ƙarshe takardu. Kowane gida ya ɗau hoton takardar filinsa da na haihuwar yara ya aje a waya ya tura ma wani ɗan uwa da ke tudu, asalin kuma a leda a sama ba ƙarƙashin katifa ba. Ita ma ƙungiya haka, littafin kuɗi da jerin gidaje da mutum nawa ke kwana a kowane gida, da kwafin duk wasiƙar da kunka kai mairi mai tambarin an karɓa, a yi su biyu a gida biyu daban. Jerin gidajen nan a sabunta shi kowace shekara a watan 6, don in anka zo rabon taimako ko tsugunar da mutane kamar yadda anka kai wasu wurin da ake kira Seno bayan ambaliyar 2012, abin da za a fara tambayarku ke nan, kuma in sabon biro ya hau a miƙa masa komai a gaban taro a sa hannu.