Yadda nake koya wa ɗalibai halin da damisar Asiya ke ciki

'Yan'uwana malamai, in za ku yi wannan darasi, ku fara da hoto. Ni a ajina nan Sakkwato biyu nake ɗagawa: damisarmu mai ɗigo-ɗigo, da ta Asiya mai baƙin ratsi. Yaro ya gani da idonsa cewa daban suke, ta biyun kuma babu ita a dazukan Afirka.

Sai lissafi a allo. Ƙarni ɗaya da ya wuce an ƙiyasta akwai kusan 100,000 a daji. Zuwa 2010 saura wajen 3,200. Na tsibiran Bali da Java sun ƙare ƙaf. A 2010 ɗin ƙasashe 13 suka yi alkawari a Rasha za su ninka adadin zuwa 2022. Indiya ce ta fi su, ƙidayarta ta 2022 ta haura 3,000.

Kan dalilai nake so ku daɗe. Mafarauci na ɗana tarkon waya, ya shaƙe ƙafar dabba har ya yanki nama, duk don fata da ƙashin da ake haɗa magani da shi. Abin yana ƙona mini rai. A Sumatra ana share daji a dasa kwakwar manja. Naman daji ya yi ƙaranci, damisa ta faɗa wa shanu, mai su ya zuba guba a mushen. 'Ya'yan makiyaya sun fi kowa saurin gane wannan, ku bar su su yi magana.

Aikin gida: kowa ya tambayi kakansa rabon da a ga kura ko barewa a dajin garinsu. Ranar 29 ga Yuli ce ranar wannan damisa ta duniya. In za ta faɗo cikin hutu, a karanta amsoshin kafin a rufe makaranta.