Yadda Ake Shirya Ziyarar Yankari Don A Ga Namun Daji, Ruwan Wikki Da Kogunan Dutse

Duk wanda ya yi niyyar zuwa gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, abu na farko da zai tsayar shi ne lokacin tafiya. Da damina ciyawa kan yi tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, namun daji su watsu cikin dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, sai mutum ya yini yana zagaye bai ga abin kirki ba. A ganina, daga Fabrairu zuwa Afrilu ne lokacin da ya fi dacewa, duk da zafin da ake sha, domin a sa'ilin ne ƙishirwa ke tara giwaye da ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji.

Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe har zuwa Dindima, sannan a karkata dama zuwa Mainamaji, inda ƙofar shiga take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji, saboda haka a cika tankin mota tun a Bauchi, a riƙe tsabar kuɗi, a kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin a tashi.

Ina ba da shawarar a kwana, kada a yi zuwan yini ɗaya. Fita kallon namun daji ta fi armashi da sassafe ko bayan la'asar, kuma ba a yin ta sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun. A sa tufafi masu dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi, domin su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando. A cikin sansanin kuwa, a rufe ƙofar ɗaki da gilashin mota, domin gwaggon biri ya saba da mutane, kuma da ya hango leda a hannun yaro zai fizge ta.

Bayan an dawo sai a gangara maɓulɓular Wikki. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har ana ganin farin yashin da ke ƙasa, kuma ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, domin wajen gindin dutsen ya fi zurfi. Don Allah kada a bar leda ko robar ruwa a gefensa.

Masu ziyara da yawa kan tsallake kogunan Marshall, abin da nake gani babbar asara ce. Koguna 59 ne waɗanda mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse, kuma suna ɗauke da sunan P.J. Marshall, wanda ya gano su a 1980. A sanar da ɗan rakiya tun da wuri cewa ana son zuwa can da kuma rijiyoyin Dukkey, a sa takalmi sau-ciki saboda hawan dutse, a ɗauki tocila da isasshen ruwan sha, sannan a ƙyale bangon kogon yadda aka same shi, ba tare da rubuta suna a jikinsa ba.