Yadda Ake Kulle WhatsApp da Lambar Sirri

Ana ta tambaya yadda za a hana ɓarayi ƙwace WhatsApp, musamman na iyaye da matasan gida. Ga matakan:

1. Buɗe WhatsApp ka shiga Settings. A wayar Android, ɗigo ukun nan na sama daga dama za ka taɓa.
2. Zaɓi Account.
3. Taɓa Two-step verification.
4. Danna Turn on.
5. Rubuta lambobi 6 da za ka iya riƙewa a ka.

Hattara: ban da ranar haihuwa, ban da 123456, ban da ƙarshen lambar wayarka. Su ɓarawo ke fara gwadawa.

6. Sake rubuta lambobin.
7. Saka adireshin imel ɗin da kake iya buɗewa.

A nan aka fi tafka kuskure, don da yawa tsallake imel suke yi. In ka manta lambar kuma babu imel, sai ka jira kwana 7 kafin ka iya sauya ta. In wayar dattijo ce, gara a saka imel ɗin wani amintacce a gidan, da saninsa.

8. Tabbatar da imel ɗin.
9. Shiga Linked devices, wato jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka, ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba.

Lambar da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes daban take da lambar sirrin nan da ka saka. Duk wanda ya ce a tura masa ita, ko da sunan ɗan'uwa ya zo yana cewa kuskure aka yi, kada a ba shi. A kira ɗan'uwan a ji muryarsa.